Shawarwarin Alhajin Kogo

Maigidana bai taɓa taka ƙasar Makka ba, amma duk layinmu a Zangon Kumasi Alhaji ake ce masa. Alhajin Kogo. Sunan tsokana ne da mazan da ke zama a bencin ƙofar gidanmu suka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in aka kira shi da sunansa na yanka sai ya yi kamar bai ji ba. Asalin abin, kuku ne shi a gidan wani bature ɗan Italiya mai aikin hanya. Wata shekara baturen zai tafi hutu gida, ya ce cikinsa ba zai jure rabuwa da miyar kukunsa ba, sai ya yi masa takardar tafiya ya saka shi a jirgin ruwa. Baban yara ya dawo mini da ɗankwali ɗaya, da tari, da labarin da na sha safe da yamma har na fi shi iya shi.

Garin baturen can kudancin ƙasarsu yake, a bakin wani kwazazzabo mai zurfi. Mutanen wurin tun kakannin kakanni dutse suke fafewa su shiga, ɗaki bisa ɗaki har saman tudu. Sunan garin kuwa kullum da yadda yake fita daga bakin maigidana, yau da tsawo gobe a gajarce, don haka Zango ta hutar da kanta ta ce Garin Kogo.

Ni koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida, kuma bencin nan nawa ne, na masu shan koko. Da aikin hanya ya ƙare baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, maigidana ya rasa tukunyar da zai juya, sai ya mayar da bencina ofishinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, ba labari yake bayarwa irin na mutane ba, na je na ga kaza da kaza. Shawara yake bayarwa. Kowace magana tasa da "in za ka je" take farawa, kuma wanda yake gaya wa ɗin mai tura amalanke ne a tashar motar Race Course da ko teku bai taɓa gani ba, ko mahaucin da iyakar balaguronsa daga mayanka zuwa kasuwa.

In za ka je, kada ka kuskura ka sa takalmin fata. Duwatsun hanyar sun sha tafin ƙafa har sun yi sulɓi kamar cikin tsohon turmi. Shi da kansa ya zauna daɓas a gaban wani limamin coci, cikin kwancen takalmin baturensa. Takalmin taya shi ne magani, irin wanda ake yanka a bakin kasuwa, kuma a nan sai ya dubi ƙafafun masu sauraro ya tabbatar musu cewa su dai ta fannin takalmi sun riga sun shirya. In za ka je, ka fita da sassafe, domin da rana ta take garin yake mutuwa, kowa ya rufe ƙofa ya kwanta, ko makwarwar ruwa ba mai sayar maka, sai ka riƙe gorarka. Mai ciwon gwiwa ya yi zamansa a gida, garin duk matakala ne, in ba ka hawa to kana sauka. In ka ɓata a lungu kada ka tambayi kowa, za su yi ta nuna maka da hannu biyu ta fuska uku, ka ɗaga kai ka nemi hasumiyar cocin da ke can ƙololuwa ka nufe ta. Duk abin da aka zuba maka a kwano ka tambayi alade, har miyar wake, musamman ma miyar wake. Burodi ɗaya ka saya, girmansa ya kai matashin kai, zai kai ka har ranar komowa. Ka tafi da rigar sanyi ko ana zafi, cikin dutse sanyi gare shi. Da la'asar sakaliya kuma ka tsallaka kwazazzabon ka juyo ka kalli garin daga wancan ƙetaren, in ba ka yi haka ba to ba ka je ba.

Kada wani ya ɗauka dariya ake yi masa. Da farko dai dariyar ce, amma mazan Zango in sun sami abin musu ba sa barinsa ya huce. Akwai wani tela da ke tasowa tun daga unguwar Dichemso kowace Juma'a don ya ji ko ana samun wurin alwala a garin, da kuma buta ta fi ko gora. Na ga ranar da mahaucin da mai amalanken suka kusa dambe a kan wace hanya ta fi kusa zuwa hasumiyar, ta dama ko ta hagu, maigidana yana tsakiya yana raba gardama da fuskar alƙali. Kokonsu ya huce, wasu masu saye suka rasa wurin zama suka wuce gaba. Na ce masa, Malam, in ka gama kai su Italiya ka dawo mini da bencina. Ya ce mata ba su san darajar ilimi ba.

Babbar shawararsa ita yake ajiyewa a ƙarshe, sai ya gyara zama kafin ya faɗe ta. Hanyar da kake takawa a Garin Kogo rufin ɗakin wani ce. Kana tafe sai ka ga bututun hayaƙi ya ɓullo kusa da ƙafarka, ashe a kan murhun mutane kake tsaye. Saboda haka ka taka a hankali, kuma ka yi sallama. Shi haka ya yi ta yi, kowane lungu da sallamarsa, baturensa yana dariya har da riƙe ciki. Ya gaya wa baturen cewa ba ɗan mutuncin da zai bi ta kan mutane suna cin abinci ya wuce su shiru. Su mutanen can, in ji shi, a ƙofa "farmeso" suke cewa, a amsa musu da "abanti", kamar yadda Asantawa ke cewa agoo a amsa da amee. Sai dai duk waɗannan ƙwanƙwasa ƙofa ne da baki, in ji shi. Sallama kuwa addu'a ce, kuma amsa ta wajibi ce.

Akwai ragowar labarin da ba ya kai shi benci. Ni kaɗai na ji shi, wata rana da hantsi yana taya ni surfen wake. Ashe lokacin da ya je, gwamnatin ƙasar ta riga ta kwashe yawancin mutanen daga cikin kogunan dutsen. An ce zama a rami da jaki da tumaki abin kunya ne ga ƙasa, aka gina musu benaye a saman tudu aka ce su koma can. Maigidana ya yi ta tarar da ƙofofi a buɗe, ya tsaya ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Baturen ya ce masa ya shiga mana, ai ba kowa. Ya ƙi. Ya ce ɗakin da aka yi haihuwa aka yi mutuwa a ciki ba a faɗa masa kamar akuya. Wato mutumin da ya cika mana kunne da sanyin cikin dutse, ɗaki ɗaya tak ya taɓa shiga a duk garin. Na wata tsohuwa ne da ke saukowa kullum daga sabon benen ta share ƙofar tsohon ɗakinta. Ba ta san me ya faɗa ba, amma ta ɗago ta ce abanti, ta ɗebo masa ruwa daga rijiyar da ke ƙarƙashin ɗakin. Ya ce mini tun da yake bai taɓa jin abu mai ciwo irin mutum ya yi sallama ƙofa ta dube shi ba. Ya faɗi haka ya ci gaba da tsintar dusar wake. Ban saba ganinsa haka ba.

A ƙarshen shekarar sittin da tara aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin gajere ne. Ni ban shiga ciki ba, ubana mutumin arewacin Gana ne, a Zango aka yanke mini cibiya. Maigidana kuwa a Nijar aka haife shi, a goye aka shigo da shi Kumasi. Bai san kowa a can ba, sunan ƙauyensu ma a bakin uwarsa ya ji, kuma ta daɗe da rasuwa. Takardar da baturen ya yi masa ta tafiya ɗaya ce, ta mutu tun tuni. Mutumin da ya san ta inda ake hawa hasumiyar Italiya bai san ta inda ake shiga garinsu ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in aka ɗora shi a mota ban san ranar da ni da yara za mu sake ganinsa ba.

Zango ta fara zubewa. Ana sayar da gado da tukunya a wulaƙance, manyan motoci na tashi daga Race Course shaƙe da mutane da tabarmi. Telan Dichemso ya tafi, mai amalanken ya tafi. Mai gidan da muke haya, wani dattijo mai fataucin goro, yana cikin na farko-farko, ya bar mini makullin ɗakin goronsa ya ce in riƙa leƙawa. Ɗakin yana can ƙuryar gida bayan madafa. Sai ka sauka matakala kafin ka shiga, ba taga, an haƙa shi ƙasa don goro ya sha sanyi. Ba abin da ya rage a ciki sai kwanduna da busasshen ganyen huhu. Da wa'adi ya cika 'yan sanda suka fara bi gida-gida, na ce da maigidana ya shiga nan da rana, har ƙura ta lafa. An ce abin ba zai daɗe ba, in mutum ya tsallake makonnin farko za a manta da shi.

Ya sauka, ya shaƙi iskar wurin, ya ce sanyin ya yi kama amma dutsen bai kai ba. Ya nemi rigar sanyinsa. Na ce to Alhaji, ga kogonka Allah ya kawo maka har gida, ba jirgin ruwa ba tari. Sannan na yi masa tawa shawarar, ita ce kaɗai da na taɓa yi masa a kan zaman kogo: ko wa ya ji a ƙofa, ya yi shiru. Ya ce in kwantar da hankalina, 'yan sandan nan agoo suke cewa, kuma agoo ba ta da hakki a wuyan kowa. Haka muka yi ta yi. Da safe in kai masa koko in ja ƙofa, yara na gaya wa mutane babansu ya bi motar farko.

Akwai wani kurtun ɗan sanda da ke shan koko a wurina kowace safiya tun kafin wannan rikici. Ɗan arewa ne, Musulmi, mai ladabi, Hausarsa ta kasuwa ce, "kai" yake ce mini kamar namiji. Ya sha zama a benci yana jin shawarwarin Garin Kogo, har ya taɓa tambaya ko 'yan sandan can ma takalmin taya suke sawa. Kullum sai na ƙara masa ƙosai biyu gyara, don na ga albashin bai kai masa ko'ina. Tun da maigidana ya shiga ɗakin goro, kurtun nan bai taɓa tambayata ina Alhaji ba. Daga nan na gane ya sani.

Ranar da suka zo, da hantsi ne, ina wanke tukunyar koko. Su biyu ne, kurtun da wani saje Ba'asante mai ƙaton ciki wanda gumi ya riga ya ɓata masa rai. Sajen ya ce agoo a zaure, na ce amee. Suka leƙa ɗakuna, yawancinsu wayam, sai ƙusoshin da aka cire labule. Har sun juya, sajen ya hango matakalar nan ta bayan madafa. Cikinsa da gwiwarsa ba za su sauka ba, sai ya tura kurtun ya ce ya duba.

Kurtun ya sauka ya tsaya a ƙofar. Bai tura ta ba. Na fahimci dabararsa: zai yi kira, in ba a amsa ba ya hau ya ce ba kowa. Da agoo ya ce da an wuce wurin. Amma yaron kirki ne, ya san dattijo ne a ciki, bakinsa ya ƙi ya yi masa kiran kasuwa. Sai ya yi sallama.

Na yi wuf na amsa daga sama, da ƙarfi, don malamai sun ce in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Sajen ya harare ni ya ce da kurtun ya sake. Ya sake, na sake amsawa, har da wa barakatuhu. Nan sajen ya daka mini tsawa da Turanci da Asantanci a haɗe, ya ce ni ce ɗakin? In na ƙara buɗe baki da ni za a tafi. Ya ce da kurtun ya yi na ƙarshe su wuce, rana na yi.

Kurtun ya yi ta uku. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon kada a ji shi. Gidan ya yi tsit. Ina tsaye da soson wanke-wanke a hannu ina roƙon Allah ya sa barci ya ɗauke mutumin nan. Sajen har ya fara juyawa.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah," in ji ɗakin goro. "Shigo, ɗana. Ka bi a hankali, matakalar ƙarshe tana da santsi."

Ya fito da rigar sanyinsa da takalmin tayarsa, yana kare ido daga rana. Sajen ya yi ta dariya, ya ce tun da ya fara wannan aiki bai taɓa ganin wanda ya kama kansa da gaisuwa ba. Kurtun ya kasa duban kowa. Da suna fita ya rage tafiya ya ce mini, "Mma, wallahi ni ban so koraa, ko kaɗan. Kai ma ka gani." Na juya masa baya.

Kwana biyu bayan haka aka ɗora shi a mota a Race Course, shi da wasu da aka tsinto a gidaje. Na je da yara da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Mahaucin nan na benci yana cikin motar, shi ma an kamo shi, ya leƙo ya ce to Alhaji, yau dai da gaske za a je, mece ce shawara? Maigidana ya ce wannan garin bai taɓa zuwa ba, sai ya je ya gani. Ban taɓa jin ya ce bai san wuri ba sai ranar. Ni kuwa haushi ya cika ni har ya danne kuka. Na matsa jikin motar na ce, Malam, don girman Allah me ya kai ka? Numfashi ɗaya ya rage su tafi.

"Na yi shiru a ta farko, na yi shiru a ta biyu, ai kin amsa," in ji shi. "Ta ukun ba wanda ya amsa masa. Na san abin da mutum ke ji a tsaye a wurin nan."

Na ce shi ke nan, sai ya je ya yi ta amsa wa mutanen Nijar. Direba ya tayar da mota. Ya sunkuyo ya shafa kan yara, sannan ya ce mini in yaron nan, kurtun, ya zo shan koko ya yi sallama, in amsa masa. Na ce ba zan amsa ba. Ya ce shawara ce, ba dole.

Watannin da suka biyo baya, layinmu ya koma abin kallo. Mutane na zuwa daga wasu unguwanni su leƙa ɗakunan da aka bari, su auna faɗinsu da ƙafa, su ƙwanƙwasa bango su ji ko zai yi shago. Ba agoo ba sallama, ai ba kowa. Wani ma ya tambaye ni ko gaskiya ne mutum goma ke kwana a ɗaki ɗaya a nan, yana toshe hanci. Na kama kaina ina share matakalar ɗakin goro kowace safiya, alhali ba mai sauka. Bencina kuwa ya dawo hannuna gaba ɗaya kamar yadda na daɗe ina roƙo, masu saye na zama su sha su tashi, ba mai musu a kan komai.

Kurtun bai fasa zuwa ba. Kullum sai ya tsaya nesa kaɗan da tukunya ya yi sallama, ni kuma in zuba masa koko ina kallon ludayi. Ba ya sakewa, ba ya fushi, gobe ya dawo ya sake yi. Na ga yana ramewa, na ce a raina ya rame ɗin.

Da damina ta shigo wani direban motar shanu ya kawo mini saƙon baki. Maigidana ya sami aikin dafa abinci a wata tashar mota kusa da iyaka, ya kama ɗaki, ya ce in taho da yara. Ya kuma ce in za mu zo mu fita da sassafe, mu riƙe gora, kada in sa wa yara takalmin fata. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kukan da na ƙi yi a Race Course ya zo.

Safiyar da zan yi kokona na ƙarshe a Zango, kaya na ɗaure a zaure, kurtun ya zo. Ya ga kayan. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya cire hularsa ya riƙe, ya yi sallama da muryar nan tasa ta ƙofar ɗakin goro. Na bar shi a tsaye har na gama juya ƙosan da ke cikin mai. Sannan na ɗago na amsa masa, cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ya sa hular ya rufe fuskarsa.

Na zuba masa koko, na ƙirga masa ƙosansa daidai. Gyara kam ban ba shi ba, wannan ba ya cikin shawarar.